Bori, boka da malam a jinyar mai shaye-shaye: Abin da ya kamata ku sani

A Batsari da Safana, da ƙauyukan da ke kewaye da su a bakin dajin Rugu, idan saurayi ya yi nisa a shaye-shaye har ya fara surutai ko ɗaga wa mahaifinsa murya, da wuya asibiti ya zama wurin farko da iyali za su tuna. Uwa za ta ce asiri aka yi masa, don ɗanta ba haka yake ba. Kawu zai ce iska ce. Daga nan sai a karɓo rubutu wurin malam, ko a kira mai ruƙiyya, wasu kuma su saci jiki su je wurin boka ko 'yan bori ba tare da maƙwabta sun sani ba.

Shin wannan hanya tana raba mutum da ƙwaya? A taƙaice, akwai abin da mai jinya ke samu a hannun waɗannan mutane da ke da amfani ƙwarai, sai dai yawanci ba shi aka je nema ba. Akwai abin da ya fi ƙarfinsu. Akwai kuma abin da in suka yi, yana iya kai mutum lahira.

Yaya girman matsalar take?

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, sun fitar da sakamakon wani babban bincike a farkon 2019. Ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Masu wiwi sun kai miliyan 10.6, masu tiramadol da danginsa miliyan 4.6, masu maganin tari irin na kodin miliyan 2.4. Cikin kowane mashayi huɗu, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar, ɗaya ya kai matakin da shan ya zama ciwo. A shiyyar arewa maso yamma, inda Katsina take, adadin ya kai kashi 12 cikin 100.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC. Kwalbar ta yi tsada, amma tiramol da exol da roci da sholisho da wiwi ba su bar kasuwa ba.

Batsari da Safana suna da ƙarin nauyi. Suna cikin ƙananan hukumomin Katsina da suka fi shan wahalar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a harin ƙauyukan Tsauwa da Dankar kaɗai. Yaron da aka raba da gonarsa, ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ya koma zaman gudun hijira ba aiki ba barci, shi ne wanda abokinsa zai miƙa wa ƙwaya ya ce sha ka samu natsuwa. Wani kuma don ƙarfin aiki ya fara: noman ƙodago, ko acaɓa daga safe har dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa ake fara zuwa wurin masu gargajiya?

Na farko, su ne a kusa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, kuma yawancinsu suna manyan birane. Sanannun asibitocin ƙwaƙwalwa na wannan shiyya suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano. Mutumin Runka ko Wagini zai lissafa kuɗin mota, da na kwana, da na magani, da fargabar hanya. Malam kuwa yana bayan gida, kuma yakan yarda a biya shi da kaka.

Na biyu, kunya. In aka ji an kai ɗan gida "asibitin mahaukata", har auren ƙannensa mata sai maganar ta taɓa. Amma in aka ce sammu ne ko aljani, tausayi ake samu.

Na uku, mai gargajiya yana ba da dalili. Iyali suna son su san me ya sa nasu ɗan, me ya sa yanzu. Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajen 1970, ya lura cewa mutane suna zagaya tsakanin boka da malam da asibiti ba tare da sun damu da tsarin kowanne ba. Sauƙi suke nema, ko daga ina ya zo.

Su wane ne waɗannan masu magani?

Bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai mai saiwa da sassaƙe zalla, wanda ba ruwansa da iskoki. Akwai boka, mai haɗa itatuwa da iƙirarin cewa aljanu ke gaya masa ciwo da maganinsa. Akwai 'yan bori. Sai kuma malam mai rubutu da tofi, da mai ruƙiyya.

A wurin 'yan bori, iskoki al'umma ce guda mai birninta, Jangare, da sarkinta, Sarkin Aljan Sulemanu. Kowane iska da halinsa da ciwon da yake sawa: Inna, Sarkin Rafi, Kuturu, Malam Alhaji da sauransu. Cikinsu akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado, mai caca, wanda kuɗi ba ya kwana a hannunsa. Ke nan tun da daɗewa bori yana da nasa bayani game da mutumin da ya kasa riƙe kansa, yana ɓarnar dukiya yana sane.

Babbar jinyarsu ita ce girka. Akan keɓe mara lafiya a ɗaki na tsawon kwanaki, sau da yawa mako guda ko fiye. Ba ya fita, ba ya ganin abokansa. Akwai mai kula da cinsa da shansa, ana dama masa magani a fura ko kunu, ana yi masa turare da wanka. Masu garaya ko goge suna kiɗa taken iskoki ɗaya bayan ɗaya har a gane wanda ya kama shi. A ƙarshe a yi kwanan zaune, a yi yanka, a fito da shi gaban jama'a a matsayin sabon mutum. A bori ba korar iska ake yi ba, sulhu ake yi da shi, kuma wanda aka girka ya zama ɗan gida: yana da uwa ko uban girka, yana da 'yan'uwa da zai riƙa haɗuwa da su.

Mai ruƙiyya kuwa korar aljani yake yi da karatun Alƙur'ani. Wannan hanya ta bazu sosai a arewa daga shekarun 1990, tare da shagunan sayar da zuma da habbatus-sauda da man zaitun.

Matsayin malaman Musulunci a bayyane yake: sun hana zuwa wurin boka da shiga bori, sun halatta addu'a da ruƙiyyar da ba shirka a cikinta, sun kuma kwaɗaitar da neman magani. Wannan jayayya tsohuwa ce. Bayan jihadin 1804, Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, mata masu bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata, waɗanda da yawansu bori ne mafakarsu a lokacin. Shi ya sa a yau zuwa wurin malam ake yi da rana, na bori kuwa a ɓoye.

Me ke faruwa a jikin mai shaye-shaye?

Wanda bai fahimci wannan ba, kowa zai iya yaudararsa. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙwaya kullum takan daidaita aikinta da ita, har ta kai ba ta iya tafiya daidai sai da ita. Adadin da ke bugar da mutum bara, bana ba ya jin sa. Tiramadol ɗin da asibiti ke bayarwa mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a bayan fage yakan kai 225, kuma wasu ba guda ɗaya suke sha ba.

Ranar da mashayi ya daina, jiki zai yi bore. Kafin kwana ɗaya ya cika zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba, gumi na keto masa alhali yana rawar sanyi. Gaɓoɓi su yi ciwo, ciki ya murɗa, gudawa ta biyo, barci ya ƙaurace. A kwana na biyu da na uku abin ya fi tsanani: ba ya iya zama wuri ɗaya, yana kuka, yana zagi, wani ma yana jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba. Bayan kamar mako guda sai jiki ya fara lafawa da kansa.

Ku lura da abu biyu. Waɗannan alamu, da faɗuwa irin ta farfaɗiya da yawan tiramadol ke jawowa, da gane-ganen da exol ke sawa, sun yi kama ƙwarai da abin da mutane ke kira bugun iska. Sannan idan an kai yaro wurin mai magani ranar Asabar yana birgima, aka ɗauko shi wata Asabar ɗin ya natsu, iyali za su ce turare ya yi aiki. Alhali ko a ɗakin kakarsa aka ajiye shi ba ƙwaya, mako gudan nan zai yi wannan aikin.

Wahalar gaske tana gaba. Marmarin ƙwaya yana daɗewa watanni, yana tasowa idan mutum ya ga tsohon aboki, ko ya bi ta lungun da ya saba saye, ko ransa ya ɓaci. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya sukan sake komawa, kusan yadda mai hawan jini ke komawa gidan jiya idan ya saki magani. Komawa ba alamar asiri ya dawo ba ce. Halin ciwon ke nan.

To wane amfani ake samu a wurinsu?

Idan aka ajiye maganar iskoki gefe aka dubi abin da ake yi wa mutum a zahiri, za a ga abubuwan da cibiyoyin jinya na zamani ma suke dogara da su.

Ana nisanta shi da mai sayarwa da abokan sha. Ana tsara masa yini: lokacin tashi, na ci, na salla ko na magani, na barci. Akwai babba guda da ke kallonsa kullum, yana kiran sunansa, yana tambayar ya ya kwana. Yana ɗaukar alkawari a gaban wanda yake jin nauyinsa. Iyali suna shiga cikin jinyar, suna kawo abinci, suna zama. Mafi girma duka, ana cire masa rigar "ɗan iska" a sa masa ta mara lafiya, sai gida ya daina tsine masa ya fara jinyarsa. A ƙarshe yana samun sabuwar jama'a da zai zauna cikinta.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar tsofaffin mashaya giya da ake kira AA, wadda aka kafa a Amurka a 1935, ba ta ba da ƙwaya ko allura. Zama ake yi a kai a kai, kowa ya faɗi halinsa, a dogara ga Ubangiji, tsohon ɗan ƙungiya ya riƙe hannun sabo. Wani babban nazari da aka fitar a 2020, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna wannan hanya tana taimaka wa mutane su daina giya daidai da sauran hanyoyin ba da shawara, wani lokaci har ta fi su. A Batsari ko Safana, makarantar dare, da sahun salla biyar, da majalisin dattijon kirki suna iya yin irin wannan aikin.

Haka ake yi a wasu ƙasashe?

Sosai ma. A Tailan akwai gidan ibadar mabiya Buda mai suna Tham Krabok, inda tun 1959 ake karɓar mashaya, a sa su yi rantsuwar dainawa, a ba su wani jiƙo mai sa amai na 'yan kwanaki. A garin Tarapoto na ƙasar Peru, wani likita Bafaranshe, Jacques Mabit, ya buɗe cibiyar Takiwasi a 1992, inda ake haɗa itatuwan masu maganin dajin Amazon da shawarar likitocin tunani, mutum ya zauna watanni. A Gabon akwai saiwar iboga ta masu addinin Bwiti, wadda aka tace sinadarinta ana gwada shi a kan masu shan hodar iblis da danginta.

Akwai mutanen da suka ce sun warke a waɗannan wurare. Amma yawancin shaidar daga bakin cibiyoyin take fitowa, ba a gwada ta da ma'aunin da ake gwada sauran magunguna ba. Sinadarin iboga kuma an tabbatar yana rikita bugun zuciya, har an rasa rayuka. Kasancewar abu tsiro ne, ko gadon kakanni, ba ya hana shi kisa.

Ina haɗarin yake?

Na farko shi ne mari da bulala. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. A watan Oktoba aka fasa irinsa a Daura da cikin birnin Katsina. Da yawan waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su saboda shaye-shaye, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Duka ba ya fitar da ƙwaya daga ƙwaƙwalwa. Abin da yake ƙarawa shi ne tsoro da ƙiyayya, waɗanda su ne ke mayar da mutum ga sha. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi kare mutunci da haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya.

Na biyu, dainawa farat ɗaya. Mai tiramol zai sha wuya, amma wanda ya daɗe yana shan roci ko diyazefam ko giya mai yawa, in aka yanke masa rana ɗaya zai iya faɗuwa yana jijjiga har ya mutu. Irin wannan sai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali.

Na uku, jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Zaƙami, wanda wasu ke sawa a haɗi, shi kansa abin maye ne mai ɗauke hankali. Amai da gudawar da ake cewa "dattin ne ke fita" suna iya ƙarar da ruwan jikin wanda dama bai ci bai sha ba, su taɓa ƙoda.

Na huɗu, ranar dawowa gida. Bayan wata guda ba sha, jiki ya manta da adadin da ya saba. In ya koma ya sha irin na da, numfashinsa na iya tsayawa. Makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari.

Na biyar, ɗora laifi kan wani. Idan boka ya ce kishiyar uwa ce ta yi asiri, an ƙara wa gida wata wutar, yaron kuma ya samu hujjar cewa ba shi da hannu a warakarsa.

Ana iya haɗa su da asibiti?

An taɓa yi, kuma a Najeriya. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna karɓar maganin asibiti, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 aka wallafa sakamakon gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana: ma'aikatan ƙananan asibitoci suna ziyartar marasa lafiya a gidajen masu gargajiya da masu addu'a suna ba su magani. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da mai gargajiya shi kaɗai. Wannan gwaji a kan taɓin hankali aka yi shi, ba shaye-shaye ba, amma ya nuna ɓangarorin biyu suna iya aiki tare idan kowa ya san iyakarsa.

Me ya kamata iyali su yi?

Ku fara da ma'aikacin lafiya, ko da na ƙaramin asibitin garinku ne, ko babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, su tura ku gaba zuwa Katsina in da buƙata. Ku gaya masa gaskiyar abin da yaron ke sha, da yawansa, da tsawon lokacin. Hukumar NDLEA ma ba kame kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da jinya, da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040.

Idan kuka tarar da shi ba ya farkawa, numfashi na fita da ƙyar, ko yana jijjiga, kada ku ɗura masa madara ko manja, yana iya shaƙewa. Ku kwantar da shi a gefensa ku nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya.

Idan kuna son haɗawa da malam, ku auna shi da tambaya uku. Zai bari ku ga ɗanku duk lokacin da kuka zo? Zai yarda ya ci gaba da shan maganin likita? Yana duka ko ɗauri? Wanda ya faɗi ko da guda cikin ukun nan, ku ɗauke ɗanku. Haka wanda ya yi alkawarin waraka cikin kwana bakwai, ko yake ƙara kuɗi duk zuwa.

Sannan ku shirya wa watannin da ke biye, don a nan ake cin nasara ko a faɗi. A samo masa abin yi, ko koyon ɗinki ne ko gyaran babur ko ɗan jarin sayar da rogo. A samu babba guda, kawu ko limami ko yayansa, da zai riƙa zama da shi kowane mako. Idan abin da ya gani a harin 'yan bindiga ne ke hana shi barci, a gaya wa likita, don wannan ma ciwo ne mai magani. In ya zame ya sake sha, kada a kore shi daga gida, a mayar da shi wurin jinya tun abin bai yi nisa ba.